Tambaya da Amsa: Cannavaro, Gajeren da Ya Tsare wa Italiya Gida

Jama'a, sallama gare ku. Ban san wanda ya tono tsohon musun nan ba, amma saƙonnin da suka shigo mana a wannan karon kusan rabinsu a kan mutum ɗaya suke, wato Fabio Cannavaro, tsohon kyaftin ɗin Italiya. Na haɗe masu kama da juna, na rage wa masu tsawo. Waɗanda suka yi tambaya a kan gasar cikin gida su yi mana haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, don Allah ka raba mana gardama, domin ta kusa hana mu ciniki. Ni ɗan Arsenal ne, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa fashi aka yi wa Thierry Henry da rana tsaka a 2006, aka ɗauki Ballon d'Or aka ba Cannavaro. Yaya za a yi mutumin da aikinsa kawai ya doka ƙwallo waje ya zama gwarzon duniya? Daga wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Bari in fara ba ka haƙƙinka kafin in saɓa maka. Henry na 2006 ba abin wasa ba ne. Shi ya fi kowa cin ƙwallo a Firimiya a kakar 2005/06 da ƙwallo 27, ya ja Arsenal har wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Paris, kuma shi ya ci ƙwallon da ta kori Brazil daga Kofin Duniya. In wani ya ce Samuel Eto'o ma yana da bakin magana, ba zan musa ba, don ya ɗauki La Liga da Kofin Zakarun Turai da Barcelona a shekarar, sai dai Kamaru ba ta je Kofin Duniya na Jamus ba, kuma hakan ya rage masa daraja a wurin masu zaɓe. Amma Henry ya buga wasan ƙarshe biyu a cikin wata biyu, duka ya dawo hannu rabbana. 'Yan jaridar Turai da suka kaɗa ƙuri'a sun ba Cannavaro maki 173, Buffon 124, Henry 121. Ka ga ko na biyu bai zo ba, golan Italiya ne ya shiga tsakani.

Inda nake so ka tsaya ka duba shi ne wancan watan na Jamus. Italiya ta buga wasa bakwai, ƙwallo biyu kacal suka shiga ragarta. Ɗaya Zaccardo ne ya ci gida a wasan Amurka, ɗayar kuma fenaritin Zidane ce a wasan ƙarshe. Wato babu wani ɗan wasan gaba na wata ƙasa da ya ratsa bayan Italiya ana cikin wasa ya ci su. Cannavaro bai fita daga fili ko na minti ɗaya ba a duk gasar, kuma ko katin gargaɗi bai karɓa ba. Mai tsaron baya da ya yi wasa bakwai, biyu har da ƙarin lokaci, alƙali bai taɓa ɗaga masa kati ba, ai ka san ba duka da kwasar ƙafa yake yi ba.

Kuma ba a shimfiɗe ya samu abin ba. Sun fara da Ghana a Hanover, Ghana ta su Essien da Appiah da Muntari da Asamoah Gyan, Italiya ta ci 2-0. A wasa na uku da Jamhuriyar Czech abokin tsaronsa Alessandro Nesta ya ji rauni tun farkon wasa, bai ƙara bugawa ba har aka gama gasar. Materazzi ya shigo a madadinsa. A wasan Australiya alƙali ya ba Materazzi jan kati jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci, Italiya ta ƙarasa da mutum goma, sai a dakiƙar ƙarshe Totti ya ci fenariti. A wasan Ukraine kuma Barzagli ne a gefensa, yana fuskantar Shevchenko. Abokan aiki uku ke nan a gasa ɗaya, kowa da halinsa, amma katangar ba ta tsage ba, saboda mai tsara ta bai canza ba.

Wasan da nake kafa hujja da shi kullum shi ne na kusa da na ƙarshe, ranar 4 ga Yuli a Dortmund, filin da Jamus ba ta taɓa rashin nasara a cikinsa ba kafin wannan dare. A gidan kallon unguwarmu na kalle shi, kuma yawancin masu zama a bencin Jamus suke so, don sun ce Italiya ba ta iya komai ba sai tare gida. An yi minti casa'in babu ci, aka shiga ƙarin lokaci. A minti na 119 Pirlo ya zura wa Grosso ƙwallo ta wani lungu da babu wanda ya hango, Grosso ya murɗa ta ta shige. Kowa wannan yake tunawa. Ni abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini. Jamus ta kwaso jiki gaba ɗaya ta cillo ƙwallo sama zuwa bakin gidan Italiya. Cannavaro ya tashi ya sa mata kai ta fita. Wani ɗan bayan da ya yi haka sai ya ja da baya ya jira ta sake dawowa. Shi kuwa ƙafarsa na taɓa ƙasa sai ya bi ta da gudu, ya tarar Podolski yana ƙoƙarin saita ta, ya shige gabansa ya ƙwace. Totti ya karɓa ya miƙa wa Gilardino, Gilardino ya jinkirta kaɗan ya tura wa Del Piero, Del Piero ya ɗaga ta sama da Lehmann. 2-0, wasa ya ƙare. Mutum mai shekara 32, bayan gudun minti 120, shi ya fara ƙwallon da ta rufe bakin Jamus. Wannan ne kake kira doka ƙwallo waje, Alhaji?

A Berlin ranar 9 ga Yuli, a wasan ƙarshe da Faransa, ya haɗu da Henry naka ido da ido. Tun a mintin farko suka yi karo har sai da aka duba lafiyar Henry. Henry ya yi ta ƙoƙari bayan an dawo daga hutu, amma bai ci ba, aka cire shi a ƙarin lokaci. Zidane ya tunkuyi Materazzi aka kore shi, aka je bugun fenariti, Trezeguet ya buga tasa ta daki ƙarfen sama, Grosso ya ci ta ƙarshe, 5-3. Ranar ce Cannavaro ya cika wasa na 100 da rigar ƙasarsa, kuma shi ya ɗaga kofin.

Ra'ayina, in da a kan shekaru biyar ake auna kyautar, da Henry ya cancanci ɗaya ko ma biyu, kuma rashin ba shi ita ko sau ɗaya abin kunya ne ga masu zaɓe. Amma in fashi kake nema, duba 2003, shekarar da ya zo na biyu a bayan Nedved. Ta 2006 ta tafi inda ya dace. Kuma ka tuna, a tarihin kyautar 'yan baya uku ne kawai suka taɓa ɗauka: Beckenbauer a 1972 da 1976, Sammer a 1996, sai Cannavaro. Su biyun farko ma rabin aikinsu fita da ƙwallo ne zuwa tsakiya. Van Dijk ya kusa a 2019, maki bakwai suka raba shi da Messi. Masu cin ƙwallo sun kwashi mafi yawan sauran, ku bar wa masu tsaron gida wannan ɗayar.

TAMBAYA: Yaya, ni yaro ne ɗan shekara 16, lamba biyar nake bugawa a ƙungiyar unguwarmu. Kocinmu ya ce na yi gajarta, in koma lamba biyu ko in haƙura. An ce mini Cannavaro ma gajere ne. Gaskiya ne? Ya ya yi? Daga wani matashi a Damagaram.

AMSA: Ƙanina, gaskiya aka faɗa maka. Tsawonsa mita 1.76 ne, ƙafa biyar da inci tara, kuma ya sha tare mutanen da suka ba shi tazarar kai guda. Franco Baresi ma tsawonsu ɗaya. Puyol bai fi su da yawa ba, ga Lisandro Martinez nan a zamaninku. Gajere ba yaro ba ne.

Amma kada in yaudare ka. Gajeren ɗan baya ba shi da damar yin kuskuren da dogo yake yi ya tsira. Dogo zai makara da taku ɗaya, tsawon ƙafarsa ya cece shi. Kai in ka makara, an wuce. Saboda haka duk wasan Cannavaro a kan riga abokin karawa yake. Ba ya jira ɗan gaba ya tare ƙwallo ya juyo su fuskanci juna. Idonsa yana kan mai bayar da ƙwallon, yana karanta ƙafarsa da inda ya kalla, da ta baro ƙafar sai ya fito ta gefen ɗan gaban ya riga shi taɓawa. Haka ma a sama. Ba wai ya fi kowa tsalle ba ne kawai, ko da yake yana da shi sosai, lokacin tashinsa ne daidai. Yana ɗan ja baya ya samu wurin ɗaukar gudu, ya riga dogon barin ƙasa, in ya riga shi hawa kuwa dogon ba zai iya miƙewa yadda yake so ba. Ka je ka kalli 'yan kokawar gargajiya na wajenku. Sau nawa gajere yake kayar da dogo don ya riga shi shiga ƙasansa?

Abin da zan ce ka riƙe: kada ka tsaya wa ɗan gaba ƙirji da ƙirji ƙafafu a jere, tsaya a karkace yadda in ya tura ƙwallo bayanka za ka juya nan take. Kada ka riƙa zubewa ƙasa kana kwasar ƙafa don 'yan kallo su yi ihu, ballantana a filayenmu na tsakuwa, wanda ya faɗi ya fita daga wasa har sai ya tashi. Ka buɗe bakinka, ka riƙa gaya wa na gefenka da na gabanka inda za su tsaya. Kuma ka nemi a haɗa ka da dogon abokin tsaro wanda zai rufe bayanka in ka fita ka kuskure. Cannavaro ya samu Thuram a Parma da Juventus, ya samu Nesta a ƙasa, ga Buffon a bayansu.

Ya fara ne a matsayin mai tsinto ƙwallo a gefen filin San Paolo na birninsu Napoli, inda aka haife shi a 1973, a zamanin da Maradona ke ɗaukar wa ƙungiyar kofin Serie A a 1987 da 1990. Shi da kansa ya sha ba da labarin ranar da aka haɗa shi atisaye da manya yana yaro, ya shiga wa Maradona da ƙarfi ya ƙwace ƙwallo, wasu suka yi masa faɗa don kada ya ji wa gwarzonsu ciwo, Maradona kuwa ya ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba da wasansa. Wasansa na farko a Serie A a watan Maris na 1993 ne, da Juventus.

Kocinka kuma ka bi shi da ladabi. In ya ce ka buga lamba biyu, buga. Cannavaro ma an sha tura shi gefe, kuma abin da za ka koya a can na gudu da juyi zai yi maka amfani ranar da aka mayar da kai tsakiya.

TAMBAYA: Malam, wani ya ce mini wai duk sunan da Cannavaro ya yi bai taɓa cin kofin Serie A ba. Na ce ƙarya ne, da idona na ga ya ɗaga da Juventus. Wa ya fi gaskiya? Kuma me ya sa ya gudu ya bar mu a lokacin da muke cikin wahala? Daga wani malamin makaranta mai goyon bayan Juventus a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Malam, idonka bai yi ƙarya ba, abokinka ma bai yi ba. Juventus ta ƙare a saman tebur a 2005 da 2006 ƙarƙashin Fabio Capello, Cannavaro na tsakiyar bayanta, an yi biki an ɗaga kofi. Sai a watan Mayun 2006 aka fallasa hirarrakin waya da aka naɗa, inda aka ji babban daraktan ƙungiyar Luciano Moggi yana hulɗa da masu raba alƙalan wasa. Abin da ake kira Calciopoli ke nan. Aka ƙwace kofunan biyu, na 2005 aka bar shi babu mai shi, na 2006 aka ba Inter, aka jefa Juventus rukuni na biyu tare da zabtare mata maki. Milan da Fiorentina da Lazio da Reggina su ma an hukunta su, amma ba kamar Juventus ba. Shi Cannavaro ba a hukunta shi da komai ba, shugabanni ne suka ɓata, 'yan wasa suka kwana a ciki. To a littafin hukuma, ba shi da Serie A ko ɗaya.

Abin mamakin shi ne kofunansa na Italiya da suka tabbata duk a Parma ya same su. Napoli ta sayar da shi a 1995 saboda matsin kuɗi, ba don yana son barin gida ba. Parma a lokacin kamfanin madara na Parmalat ne ke zuba mata kuɗi, ta tara mutane: Buffon yana yaro, Thuram, Crespo, Veron, Chiesa. A 1997 suka zo na biyu ƙarƙashin Ancelotti, maki biyu tsakaninsu da Juventus. A 1999 suka ɗauki Coppa Italia, suka je Moscow suka lallasa Marseille 3-0 a wasan ƙarshe na Kofin UEFA, suka ƙara da Supercoppa. A 2002 suka sake ɗaukar Coppa Italia. Shekara bakwai ya yi a can, kuma ni a ganina wanda bai kalli Cannavaro na Parma ba bai ga ƙarfinsa na ƙuruciya ba.

Daga nan sai Inter, 2002 zuwa 2004, shekaru biyun da ba su yi masa daɗi ba. Ciwon ƙashin ƙwauri ya dame shi, ana ta sauya masa wuri. Nan ne ya zauna da yaronmu Obafemi Martins. Masu dogon tunani za su tuna wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2003, Inter da Milan a fili ɗaya, 0-0 da 1-1, Shevchenko ya ci, Martins ya shigo ya farke, amma dokar lokacin mai fifita ƙwallon da aka ci a matsayin baƙo ta fitar da Inter a filin da su biyun ke kira gida. Wannan ne mafi kusa da Cannavaro ya taɓa zuwa ga kofin. Inter ta ɗauka ya ƙare, ta musanya shi da wani gola mai zaman benci, Fabian Carini. Bayan shekara biyu ya zama gwarzon duniya. A cinikin ƙwallo na zamaninmu da wuya ka samu faɗuwa irin wannan.

Batun gudu kuwa, na san ciwon. Buffon da Del Piero da Nedved da Trezeguet da Camoranesi sun tsaya sun buga Serie B, shi ya sa har yau ake ganin girmansu a Turin. Amma ba shi kaɗai ya tafi ba. Thuram da Zambrotta sun tafi Barcelona, Ibrahimovic da Vieira sun tafi Inter, shi da Emerson suka bi Capello zuwa Real Madrid. Yana dab da cika 33, shekara biyu kawai ya yi a ƙungiyar, ba kamar Del Piero da ya girma a cikinta ba, ita kuma ƙungiyar tana buƙatar rage albashi. Ni ban kira shi maci amana ba. Magoya bayanku dai da yawa ba su yafe ba, don da ya dawo a 2009 wasunsu ba su karɓe shi da fara'a ba, kakar ma ta lalace, Juventus ta ƙare ta bakwai.

TAMBAYA: Sannu da aiki. Maigidana ɗan Madrid ne na gani kashe ni, kullum cewa yake Cannavaro bai tsinana musu komai ba, suna kawai suka saya. Ni kuma na ga an ce ya ci kofi a can. Daga wata mai karatu a Zangon Kumasi.

AMSA: Hajiya, a gaida maigida, a ce masa ya rage son kai. La Liga biyu a jere ya ci da su. Ta 2007 ita ce wadda suka yi kunnen doki da Barcelona a maki 76, sakamakon karawarsu da juna ya ba Madrid, bayan sun farfaɗo a wasan ƙarshe sun ci Mallorca 3-1. Kafin nan Madrid ta yi kaka uku ba ta ɗauki gasar ba. Ta 2008 kuma da tazara suka ɗauka ƙarƙashin Schuster. Rigar lamba 5 da Zidane ya ajiye ita aka ba shi.

Sai dai maigidan yana da 'yar gaskiyarsa. Cannavaro na Madrid bai kai na Jamus ba. A Italiya ƙungiya gaba ɗaya take tsaron gida, layukan a matse, ga Gattuso a gabansa yana share hanya. A Madrid kowa gaba yake so, a bar 'yan baya biyu da fili mai faɗi a bayansu. Mutumin da salonsa fita ne ya riga ɗan gaba, in ya fita babu mai rufe masa, kuskure ɗaya ya isa a gan shi tsirara. Ga shekaru sun fara hawa. Sau uku a jere ana cire su a zagayen 'yan 16 na Kofin Zakarun Turai, Bayern da Roma da Liverpool, kuma yana cikin fili ranar da Liverpool ta ci su 4-0 a Anfield da ranar da Barcelona ta zazzaga musu 6-2 a Bernabeu a watan Mayun 2009. Ina jin waɗannan biyun ne suka tsaya wa maigida a maƙoshi.

TAMBAYA: Kai tsaye nake son amsa, ban da kwana-kwana: Maldini ko Cannavaro? Daga wani direban tirela a Maraɗi.

AMSA: Maldini. Allah ya kiyaye hanya.

Amma tunda akwai sauran fili, bari in ƙara. Paolo Maldini ya buga wa Milan wasa 902, ya ci Serie A bakwai da Kofin Zakarun Turai biyar, daga 1989 har 2007, ya yi fice a gefen hagu ya kuma yi fice a tsakiya, bai ajiye takalmi ba sai yana da shekara 40. Babu wata ma'auni ta tsawon aiki da Cannavaro zai kamo shi. Baresi ma ina sa shi a gaba, mutumin da aka yi wa aiki a gwiwa ana tsakiyar Kofin Duniya na 1994, ya dawo ya buga wasan ƙarshe da Brazil ya hana Romario da Bebeto sakat har minti 120. Nesta kuwa ya fi su duka kyan wasa a ido, rauni ne ya ci amanarsa, sau uku yana fita daga Kofin Duniya da ciwo.

Abin da Cannavaro ya fi su da shi na rigar ƙasa ne. Maldini ya buga wasa 126 bai ɗauki komai da Italiya ba: fenariti ya hana shi a 1994, ƙwallon Trezeguet ta hana shi a Euro 2000, Koriya ta Kudu ta kore su a 2002 ya yi sallama. Cannavaro ya gaji kambun kyaftin daga hannunsa, ya ɗauki kofin da shi bai samu ba, ya wuce shi a yawan wasa ya tsaya a 136, kafin Buffon ya zo ya wuce su duka. In wasa ɗaya ne na a mutu ko a yi rai, aka ce in zaɓi ɗan baya a ganiyarsa, zan yi dogon tunani a kan Cannavaro na Yulin 2006. In ƙungiya zan gina ta shekara ashirin, ba sai na yi tunani ba.

TAMBAYA: Malam, ina yake yanzu? Tun Kofin Duniya na Afirka ta Kudu ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Daga wani tela a Jos.

AMSA: Maigida, ai gara da ba ka tuna mini da 2010 ba. Euro 2008 bai buga ba, don ya ji rauni a idon sawu a wurin atisaye bayan karo da Chiellini. A 2010 koci Lippi ya tafi da shi yana da shekara 36, ƙafa ta riga ta yi nauyi. Canjaras da Paraguay, canjaras da New Zealand, wadda ƙwallonta ma a jikinsa ta daku kafin a ci, sannan Slovakia ta doke su 3-2, masu riƙe da kofi suka koma gida tun a rukuni. Daga nan ya tafi Al-Ahli ta Dubai, gwiwa ta matsa masa, ya yi ritaya a 2011.

Daga baya ya koma horarwa, kuma gaskiya kocin bai kamo ƙafar ɗan wasan ba. Ya fi daɗewa a Chaina: Guangzhou Evergrande a 2014, ɗan zama a Al Nassr ta Saudiyya, ƙungiyar da Ahmed Musa ya je daga baya, sai Tianjin Quanjian da ya haura da ita babban rukuni a 2016, ya koma Guangzhou ya ci gasar ƙasar a 2019. Da ya dawo gida ya karɓi Benevento a Serie B abin bai yi kyau ba, aka sallame shi.

Aikinsa da ya fi burge ni gajere ne. A watan Afrilun 2024 Udinese ta kira shi tana bakin faɗawa, saura 'yan wasanni. Golan Najeriya Maduka Okoye ne a ragar Udinese. A wasansu da Napoli, ƙungiyar garinsu, Osimhen ya ci, Isaac Success ya farke a ƙarin lokacin alƙali, 'yan Najeriya biyu suka raba makin a tsakaninsu. Ranar ƙarshe suka je gidan Frosinone suka ci 1-0, Udinese ta tsira, Frosinone ta faɗa. Duk da haka ba a sabunta masa kwantiragi ba. Ya je Dinamo Zagreb a ƙarshen shekarar, bai cika wata huɗu ba aka raba gari. A watan Oktoban 2025 Uzbekistan ta ɗauke shi kocin ƙasa, bayan ta riga ta samu gurbin zuwa Kofin Duniya na 2026, karo na farko a tarihinta, ƙarƙashin ɗan ƙasa Timur Kapadze. Ni dai ban ji daɗin yadda aka janye wanda ya sha wahalar neman gurbin aka kawo mai suna ba, ko da mai sunan Cannavaro ne.

Ƙaninsa Paolo Cannavaro, in kana tambaya, shi ya samu abin da yayan ya so bai samu ba: ya zama kyaftin ɗin Napoli, ya ɗaga mata Coppa Italia a 2012, daga baya kuma ya riƙa bin yayan a matsayin mataimaki a wuraren da yake horarwa.